Tsakanin Ɗaki da Tsakar Gida

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san matsayin kare tun kafin a kai shi makarantar allo. Wurin kare waje ne. In na mafarauci ne, yana ɗaure a gindin bishiya a bayan gida. In na makiyayi ne, yana biye da garke. In kuwa na gari ne marar ubangida, to rabonsa jifa da tsawa. Harshenmu ma bai raga masa ba, domin babu zagin da ya fi saurin zuwa bakin mai fushi kamar sunansa. A adabinmu an ɗaukaka aku har ya zama waziri a cikin Magana Jari Ce, doki na da kirari, gizo na da wayo, amma kare sai dai a ce ya mutu da haushin kura. Da wannan tarbiyya muka zo Abuja, kuma da ita muka zauna shekaru a unguwar Gwarimpa, har ranar da maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, cikin watan Fabrairun 2024, tana rungume da wani abu fari da muka zata matashin kujera ne.

Wannan baiwar Allah tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar kudu, ta yi ritaya tana zaune ita kaɗai. Zamanmu da ita zaman amana ne: ranar Babbar Salla mu kai mata nama, ranar Kirsimeti ta aiko mana da shinkafa. Ta ce za ta tafi Ingila wurin ɗanta a yi mata aikin ido, kuma ba ta da tabbacin dawowa. Abin da ke hana ta barci shi ne ɗan karenta. Ta roƙe mu mu riƙe shi wata biyu, in zaman ya yi daɗi ya zama namu, in bai yi ba mu nema masa hannu nagari. Ba ta zaɓe mu don ta ga alamar son karnuka a fuskarmu ba. Ta zaɓe mu ne saboda autarmu.

Yarinyar nan shekararta tara a lokacin, kuma tana da in'ina mai tsanani. A aji ba ta ɗaga hannu, a gida ma in baƙi sun zo sai ta shige ɗaki. Ashe ta daɗe tana zuwa gidan maƙwabciyar da yamma, ta zauna a kan tabarma, ta ɗora karen a gefenta, ta buɗe littafi tana karanta masa da babbar murya. Ranar da muka laɓe a bakin taga muka saurara, ta karanta shafi biyu cur ba ta yi tuntuɓe da harafi ko ɗaya ba. Mu da muka shafe shekara ashirin muna koyar da ɗalibai yadda ake furta waƙa da karanta zube, ba mu taɓa iya sa 'yar cikinmu ta yi mana haka ba. Ita ce ta raɗa masa suna Auduga. To, mai karatu, ka gaya mana da wane baki za mu ce a'a.

Abin da za mu zayyana a nan shi ne abin da ya kamata a ce mun sani kafin mu miƙa hannu. Muna rubutawa ne domin mun ga irin waɗannan 'yan karnuka sun yawaita a birnin nan. Ana ganinsu a kujerar bayan mota a Maitama da Asokoro, ana ɗaga kwikwiyoyinsu a bakin titi ana talla kamar mangwaro, kuma wasu daga cikin gidajen da suke shiga gidajen 'yan'uwanmu ne.

Masu sayarwa suna kiran irinsa Lasa, wato abin da Turawa ke rubutawa Lhasa Apso. Asalinsa ƙasar Tibet ce, kuma birnin Lasa da aka ara masa suna yana bisa tudun da ya haura mita 3,600 daga doron teku, wato kusan ninki uku na tudun Jos. A can gashin nan da ke jan ƙasa bargo ne na maganin sanyi. 'Yan'uwansa, Shizu da Fekinis, a fadar sarakunan Sin aka rene su. A shekarar 1860, lokacin da sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar shaƙatawa ta sarkin Sin a wajen birnin Bejin, sun kwaso 'yan karnukan Fekinis guda biyar, aka kai wa Sarauniya Biktoriya ɗaya, aka sa masa sunan da ma'anarsa ganima. Daga nan ƙananan karnukan gabas suka zama abin yayi a Turai, daga Turai kuma yayin ya gangaro mana, kamar yadda kwat da laƙtaye suka gangaro. Wanda ke son ya ga karen da aka halitta don ƙasarmu, ya dubi na Buzaye na kwarin Azawak a Nijar da Mali: dogayen ƙafafu, siririn ciki, gashi kamar an shafe shi da aska. Auduga kuwa nauyinsa bai wuce kilo shida ba, kuma in ka cire gashin abin da ya rage bai fi zakara ba.

Gashin shi ne darasi na farko. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ba mu taɓa ganin inda karin maganar nan ya zauna daram ba kamar a nan. Gashin irin wannan kare ba ya tsayawa da tsiro. In aka kwana uku ba a taje shi ba sai ya cukurkuɗe a bayan kunne da hammata da ƙarƙashin ciki, ya dunƙule kamar daddawa, ya riƙa jan fata, danshi ya taru a ƙarƙashi har gyambo ya fito. Na goshi yana shiga ido ya sa hawaye. Ƙurar hunturu ta mai da farin ja, laɓon damina kuma ya manne a ƙafafu. Ana bukatar taza kusan kullum, wanka da sabulun da aka yi don karnuka, busarwa har tushen gashi, sa'an nan aski wurin masu sana'ar bayan kowane mako shida zuwa takwas. Uwargida ta dube mu a mako na biyu, mataji a hannunta, ta ce, "Malam, kitson 'ya'ya mata biyu bai ishe ni ba, sai da ka ƙaro mini na uku?" Ba mu da amsa, sai muka karɓi matajin. Dare da yawa rubutun ɗalibai yana jiran jan biro, mu kuwa muna zaune a ƙasa muna tsefe kare.

A cikin gashin nan ne kaska ke ɓuya. A jikin karen gari kana hango ta daga nesa, a jikin wannan kuwa sai ka sa yatsu ka bi fata a hankali, musamman cikin kunne da tsakanin yatsun ƙafa. Ba shan jini kaɗai take yi ba, tana ɗauke da cututtukan da ke farfasa jini, kare ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, kuma jiki ƙarami ba shi da jinin da zai yi asara. Akwai kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai danshi ko a shanyar da ba ta bushe ba, tsutsarsa ta huda fata ta zauna ciki kamar maruru. Mun matse guda huɗu daga cikin Auduga bayan ya kwanta a inuwar bayan gida, yarinyar tana riƙe da kansa tana kuka.

Amma duk waɗannan wahalar kare ce. Abin da ya shafi ran mutum shi ne ciwon haukan kare, kuma a nan muna roƙon mai karatu ya tsaya ya natsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar nan tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, sai dai haƙuri. Ƙanƙantar kare ba ta rage komai, haƙorin da ya fi allura kaɗan ya isa. Alhali rigakafin ba sabon abu ba ne: tun 1885 Louis Pasteur ya gwada shi a kan ɗan Adam a Faransa, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana haɗa na karnuka. Ana yi wa kwikwiyo allurar in ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa kamar yadda likita ya tsara. Saboda haka abin da za a fara tambaya kafin a karɓi kare ba launinsa ba ne, katin allurarsa ne, mai sa hannun likitan dabbobi da kwanan wata. Maƙwabciyarmu, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta ba mu nata cikin leda kamar takardar fili. Mai talla a bakin titi ba abin da zai ba ka sai rantsuwa, kuma sau da yawa kwikwiyon an raba shi da uwarsa tun bai kai mako takwas ba, ba a yi masa allurar cutar amai da gudawar jini da ke kashe kwikwiyoyi cikin 'yan kwanaki ba. In kuwa tsautsayi ya sa kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti goma sha biyar, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko jiran a ga abin da hali zai yi.

Maganar abinci gajera ce. Mun ɗauka ragowar tuwo da miya za ta wadatar, sai aka faɗakar da mu cewa albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, to wace miya ce tamu ba albasa? Cakulan guba ne gare shi, haka inabi da zabibi, haka goro, haka ƙashin kaza dafaffe da ke tsagewa ya soki hanji. Maganin ciwon kan da muke haɗiya ba tunani na iya kashe shi. Abincinsa na buhu kuwa galibi daga waje ake shigo da shi, kuma duk wanda ya yi cefane a ƙasar nan bayan faɗuwar darajar naira a 2023 ya san abin da hakan ke nufi ga mai albashin malanta. Ga shi kuma ba baƙon kwana biyu ba ne, irinsa na kai shekara goma sha biyu zuwa goma sha biyar. Mun yi lissafi, muka ga yarinyar za ta iya gama sakandare ta tafi jami'a, ta bar mana tsohon kare da ruɓaɓɓun haƙora, domin ciwon haƙori gadon ƙananan karnuka ne.

Duk da haka da mun jure. Abin da ya gagare mu ba kuɗi ba ne, ba kuma aski ba. Wurin kwana ne.

Da azumi ya kama a watan Maris, mahaifiyarmu ta zo daga Zariya don ta yi shi tare da jikokinta. Ta yi sallama, ta sa ƙafa a falo, Auduga ya fito daga ƙarƙashin kujera yana kaɗa wutsiya. Ta ja da baya ta tsaya a bakin ƙofa, jakarta a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ashe bokon ya kai nan?" Muka ce, "Inna, ku shigo ku huta tukuna, amana ce aka ba mu." Ta ce a shimfiɗa mata tabarma a baranda, domin ba za ta kai goshinta ƙasa a ɗakin da mala'ikun rahama ba sa shiga ba.

Daren nan muka sauko da littattafan da muka daɗe ba mu buɗe ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne, ba don ƙazanta ba. Shafi'iyya ne suka ɗauke shi najasa mai nauyi. Wannan ya ɗan sanyaya mana rai. Amma tsarkin jiki daban, ajiyewa a gida daban. Risalar Ibn Abi Zaid ta Ƙairawan, wadda kusan kowane zaure a ƙasar Hausa ya san ta, ta hana ajiye kare a gidaje sai don gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci, ba ta nishaɗi ba, kuma hadisan Buhari da Muslim sun ambaci raguwar lada a kullum ga wanda ya ajiye shi ba da irin waɗannan dalilai ba. Malamai da dama sun shigar da gadin gida cikin abin da aka yarda. Nan muka ga ƙofa. Da safe muka je wa Inna da hujja irin ta masu digiri: ai a Tibet aikin wannan kare gadi ne, manyan karnuka na tsare ƙofar waje, shi kuma yana ciki yana haushi in ya ji baƙon motsi, kuma wannan gaskiya ce ta tarihi. Ta dubi Auduga, wanda yarinyar ta ɗaure wa gashin goshi da jan zare, ta dube mu, ta yi dariyar da ba ta yi ba tun zuwanta. Ta ce, "To madalla. Mai gadi ai a waje yake kwana."

Muka fitar da shi. Muka sa kafinta ya yi masa ɗan akurki a bayan kicin, inda muke ganin akwai inuwa, muka ajiye masa ruwa. Dare uku yana kuka yana yaƙushin ƙofa, domin zuriyarsa ɗaruruwan shekaru ana tace ta don zama kusa da mutum, kaɗaici a wurinsa azaba ce. Maƙwabta suka fara gaisuwa a taƙaice. Yarinyar ta daina karatu da babbar murya.

Wanda ya san Abuja ya san Maris. Ba ruwa, ba iska, rana ta kan kusanci digiri 40, duwatsu da kwalta su riƙe zafin su mayar da shi da dare. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma mai gajeren hanci da bargo a jiki hakinsa ba ya isarsa. A rana ta huɗu, wajen ƙarfe uku, ba wuta tun safe, muna kishingiɗe azumi ya ɗauko mu, sai muka ji ihun yarinyar. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne inuwar bayan kicin ta safe ce, da rana ta karkata sai ta koma murhu. Mun same shi kwance a gefe, harshe waje ya yi ja wur, yawu na dalala, ya kifar da kwanon ruwan, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa.

Kafin mu gama ruɗewa, Inna ta riga mu. Tsohuwar da ta ƙi haɗa rufi da shi ita ce ta ɗauko butar alwalarta, ta durƙusa, tana kwarara masa ruwa a ciki da ƙafafu, tana ba da umarni a kawo mafici, a kawo wani ruwan daga randa. Bakinta a bushe da azumi take ce wa jikarta, "Bar kuka, uwata, ɗauko zane ki jiƙa." Muka naɗe shi a jiƙaƙƙen zane zuwa mota, muka buɗe tagogi, muka nufi asibitin dabbobi. Likitan, wani matashi mai sanyin magana, ya sa masa ruwa ta jijiya, ya ce da an ƙara rabin sa'a da sai dai a haƙa rami. Ya ce ruwan da aka fara zuba masa tun a gida shi ne ya cece shi. Ya rage masa gashin sosai amma bai aske shi ƙwal ba, domin fatar da ba ta saba da rana ba ƙonewa take yi. Sa'an nan ya dube mu ya ce, "Malam, wannan ba karen waje ba ne. In ba za a iya ajiye shi a ɗaki mai sanyi ba, a ba wanda zai iya."

A hanyar dawowa Inna ta ba jikarta labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi da takalminsa. Muka yi tsammanin ta sauko. Da muka isa gida ta ce a shigar da shi ɗakin ajiyar kaya har ya warke, ita kuwa tabarmarta tana nan a baranda. Ba ta ga wani saɓani tsakanin abu biyun ba, kuma da muka yi tunani, mu ma ba mu gani ba. Tausayin dabba wajibi ne a wurinta, zama da ita a ɗaki kuma ba ta yarda ba, kuma ta riƙe duka biyun ba tare da ta buɗe littafi ba. Mu ne muka karɓi halittar da tsakar gida ke kashewa, alhali ɗakinmu ba zai karɓe ta ba. Da mun zauna da uwargida, da mun tuna da Inna, da mun tambayi kanmu tun ranar farko a ina zai kwana a watan Maris, da ba a kai ga butar alwala ba.

Bayan Salla muka kira maƙwabciyar ta waya muka gaya mata komai, har da abin da ya faru a bayan kicin. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce mun kyauta da muka faɗa. Da yardarta muka miƙa Auduga ga wata abokiyar aikinmu da ke zaune a Kubwa, wadda ta taɓa riƙon irinsa, gidanta kuma akwai wutar sola. Muka haɗa mata da katin allura, da mataji, da ɗamarar ƙirjin da ake jansa da ita, domin igiyar wuya na danne maƙogwaron ƙaramin kare. Yarinyar ba ta yi mana magana ba har kwana biyu, a na uku ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin karatu, ta daɗe tana kokawa da harafin farko, sa'an nan ta ce, "Baba, ran Asabar za ka kai ni?"

Muna kai ta. Takan tafi da littafi da mataji, mu kuwa mu zauna a mota ƙarƙashin bishiya muna duba rubutun ɗalibai. In an bar taga a buɗe, muryarta na isowa har inda muke.